Mota mai ƙarfi marar nauyi a kan santsi: me ya taɓa faruwa da ku?

Na Tudun Jos: Jama'a, ina da Toyota GT86, mai ja da tayoyin baya, ƙarfin doki 200, nauyinta bai kai kilo 1,300 ba. Ruwan farko na daminar bana na shiga kwana a giya ta biyu, na ɗan taka totur, sai kawai bayan motar ya wulla. Fitilar santsi ta hau ƙyaftawa, na ji injin ya sassauta da kansa, motar ta dawo hanya. Sai da na faka gefen titi hannuna ya daina rawa. Wa ya taɓa gamuwa da irin wannan?

Bakaniken Kaduna: Allah ya tsare, ɗan'uwa. Ruwan farko ya fi kowanne haɗari, shi ke taso da man da kwalta ta sha duk tsawon rani. Na'urar hana santsi, wadda ta kunna maka fitilar nan, tana auna gudun kowace taya ne; wadda ta fi sauran juyawa sai ta rage wuta ko ta ɗan kama mata birki. Amma ba ta ƙara wa taya riƙo ko kaɗan. Ni da kaina na taɓa sa tsofaffin tayoyi 'yan gwanjo, zanensu kamar sabo, ashe robar ta bushe ta yi tauri. Na'urar na aiki, duk da haka sai da na tsinci kaina a kwalbati. Tun ranar nake duba lambobi huɗun nan na gefen taya: 2319 na nufin an ƙera tayar a mako na 23, shekarar 2019.

Baƙon Kanada: Mu nan Kebek doka ce, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris sai da tayar hunturu. Da zarar sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7, robar tayar bazara ta fara sandarewa. Da motata Mazda MX-5 na kasa hawa ɗan tudun ƙofar gida, ina canza taya ta haye salin-alin. Sau ɗaya na kashe na'urar, ranar da na kafe a dusar ƙanƙara, saboda tana hana tayoyin juyawa su tono hanya.

Na Tudun Jos: Malam, yanzu na leƙa nawa. Na baya 2016 ne, kuma zanen ya kusa shafewa ta ciki. Gobe da sassafe sai wurin mai taya.