Shirin ko-ta-kwana a ƙauyukan Zamfara: shawarwarin da aka tattara

Masu tattaunawa kan yadda mutanen ƙauye za su yi shirin harin 'yan bindiga sun fi jaddada jakar gudu: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, tocila, gishirin ORS, maganin masu hawan jini, da katin NIN ƙulle cikin leda. A rataye ta bayan ƙofa. Wanda ya kulle ta a akwati, neman makulli cikin duhu zai cinye masa lokaci.

Waya kuwa ba abin dogaro ba ce, tunda a Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a jihar. Unguwa ta tsayar da alama ɗaya, usur ko lasifikar masallaci, da mahaɗa biyu da kowane yaro ya haddace.

Wanda harsashi ya sama, a danne raunin da tsumma mai tsabta. Kada a ɗaga don dubawa, jinin zai sake ɓallewa. In ya jiƙe a ɗora wani a kai.