Ta yaya zan bi sawun masu ziyara ba su lura da ni ba?

Ƴar Talladje: Salamu alaikum. Ina shekarar ƙarshe a jami'a, bincikena kan yadda mutane ke zagaya gidan tarihi na Boubou Hama ne, nan Yamai. Na zana taswirar wurin a kaye, ina bin mutum daga ƙofa, ina rubuta inda ya tsaya da mintocin da ya yi. To amma da sun gan ni sai tafiya ta canja. Jiya wani dattijo ya tsaya minti 6 gaban iccen Tenere, wanda ke tsaye shi kaɗai a hamada kafin mota ta kaɓe shi a 1973, yana gyaɗa kai, ashe don ni yake yi. Ƙarshe ya juyo ya ce: "Ƴata, na ci jarrabawar?" Don Allah ina dabara?

Malam na Yantala: Wa alaikumus salam ƴata. Daina bin su. Samu kujera inda kike hangen ƙofa da ƙasusuwan nan na manyan dabbobin zamanin da (dinosaur) da aka tono a Gadoufaoua cikin hamada, ki zauna kamar mai jiran wani. Ki ƙayyade tun farko, misali duk mutum na biyar da ya shigo shi za ki ɗauka, in ba haka ba idonki zai riƙa zaɓen masu natsuwa kawai. Arthur Melton, wani masanin halayyar ɗan Adam, ya yi irin aikin a Amurka a 1935, ya ga yawanci hannun dama suke yi in sun shiga ɗaki, kuma da sun hango ƙofar fita sai su ƙara sauri. Ki gwada mana ko haka muke.

Ɗan Zongo: Malam, a gafarce ni, a nan inuwa ce ke jan mutane, ba dama ba. Gine-ginen a warwatse suke cikin fili, a watan Afrilu wa zai ratsa rana don karanta allo? Kuma wa ke zuwa shi kaɗai? Ran sallah na kai ƙannena biyar, daga ƙofa suka ja ni wajen dorina da zaki, a sashen namun daji na gidan. Allon faransanci ni kaɗai na karanta, na fassara musu.

Ƴar Talladje: Kai, wannan ta ƙarshen ta kama ni. Ke nan ayari zan riƙa ƙirgawa, in sa alama kan mai karanta wa saura. Malam, mintocin wa zan rubuta, na mai karatu ko na yaron da ya riga ya ruga?

Malam na Yantala: Duka biyu, layi daban-daban. Ki rubuta ƙarfe nawa ne ma, saboda inuwar Ɗan Zongo.