Abin da masu saƙa suka ce kan sayen zare

Da muka zauna hira da matan da muke saƙa tare, maganar sayen ulu ce ta fi ɗaukar lokaci. Kusan bakinsu ya zo ɗaya: ki sayi duk zaren da aikin zai ci a lokaci guda, har da rarar dunƙule ɗaya. Rini yakan bambanta ko da kamfani ɗaya ne. Ni ma na taɓa komawa kasuwa neman cikon shuɗi, rigar sanyin jariri ta fito hannu ɗaya ya fi ɗaya duhu, abin ya yi mini ciwo.

Wata dattijuwa ta ce a fito da zaren cikin hasken rana a duba, a goga shi a wuya. In ya yi ƙaiƙayi, kada a saƙa wa jinjiri. In ana shakkar irinsa, a ƙona ɗan guntu: na roba narkewa yake ya dunƙule, auduga ta zama toka, na gashin tumaki kuwa ya yi ƙaurin gashi. Sayayya kuma tun kafin hunturu, lokacin bai yi tsada ba.

Masu kaɗi, wato masu mayar da auduga zare, ba su yi dogon bayani ba. A gurje auduga a cire angurya tsaf, a shiɓe ta sosai, a shafa alli a yatsu kafin a murza mazari. An ɗan yi gardama kan wanki, amma yawanci sun tsaya kan ruwan sanyi da shanya a shimfiɗe, don ratayewa na sa saƙa ta saki.