Lambar yabo ko lambar jarumta: neman sunan da ya dace da mindar kakanninmu

'Yan uwa masu tattara tarihin zuri'a a intanet, akwai wata kalma da ta daɗe tana ba mu wahala, kuma ina ganin lokaci ya yi da za mu tsayar da magana a kanta. Idan mutum ya zo rubuta bayanin kakansa da ya yi aikin soja, sai ya tarar Turawa sun ware wani rukuni na lambobi da suke kira gallantry award, wato lambar da ake ba mutum saboda wani aiki takamaimai da ya yi na jefa ransa cikin haɗari. Mu kuwa mun saba da cewa "lambar yabo" ga kowace irin lamba, tun daga ta ɗalibin da ya zo na ɗaya har zuwa ta ɗan kasuwar da ya gina asibiti. Shawarar da nake kawowa ita ce mu kira wannan rukuni "lambar jarumta", mu bar "lambar yabo" ta zama uwa wadda sauran duka ke ƙarƙashinta.

Dalilin da ya sa "lambar yabo" ba ta wadatar ba yana nan cikin akwatunan gidajenmu. Dubban 'yan Arewa sun tafi yaƙin Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, kuma da yawansu sun dawo da tauraro mai tsini shida da ake kira Burma Star. Wannan tauraro shaida ce cewa mutum ya yi aiki a fagen yaƙin Bama tsakanin 11 ga Disamba 1941 da 2 ga Satumba 1945, kuma an ba duk wanda ya cika sharaɗin, ko mai bindiga ne, ko mai ɗaukar kaya, ko mai dafa abinci. Amma Military Medal, wadda Birtaniya ta ƙirƙiro a 1916, a zamanin da ake bayar da ita sai kwamanda ya rubuta abin da soja ya aikata, a wace rana, a wane wuri, takardar ta bi hannun manya har a amince, sannan a ba shi. Idan muka kira su biyun "lambar yabo" muka yi shiru, jikan da zai karanta bayan shekara hamsin ba zai san cewa ɗaya ta halarta ce, ɗaya kuma ta wani aiki ne da aka gani da ido ba. Ban faɗi haka don rage darajar wanda ya dawo da tauraron Bama kaɗai ba, domin wanda ya ratsa dazukan kwarin Kaladan da kaya a ka ya ga abin da ya gani. Abin da nake nema shi ne kowace lamba ta amsa sunanta.

Wasu sun ce mu koma ga "minda", kalmar da tsofaffin sojoji da kansu suke amfani da ita. Ina son kalmar, kuma bai kamata ta ɓace ba, sai dai minda sunan ƙarfen ne da ake maƙalawa a ƙirji, kamar yadda igiya take ga kofur da saje, anini kuma ga hafsa. Ba ta faɗin dalilin bayarwa. Za mu iya cewa "mindar tana hannun babbar jikarsa", amma wajen rarrabe iri sai mun ƙara mata wata kalma, kuma neman wannan kalmar ne ya tara mu.

An kawo "bajinta". Matsalarta faɗi ne: ɗan ƙwallo yana nuna bajinta, manomi yana nuna bajinta, mai gasar karatu ma haka, kuma babu ɗayansu da ya sa ransa a bakin mutuwa. An kawo "sadaukantaka", wadda ta fito daga sadauki, kuma ma'anarta ta yi kusa ƙwarai, amma a kunnen matasan yau tana rikicewa da "sadaukarwa", har mai karatu ya ɗauka cewa duk mai lambar ya rasu ne a wurin. "Bardantaka" tana jan hankali zuwa ga doki da sarauta, domin Barde muƙami ne a fadojinmu har gobe. "Mazantaka" kuwa na ƙi ta gaba ɗaya, saboda tana da wata ma'ana da ba ta dace da wannan wuri ba, kuma tana fitar da mata, alhali tun a yaƙin duniya na farko an ba mata masu jinya Military Medal, kuma a 1949 aka ba Noor Inayat Khan, 'yar leƙen asirin Birtaniya, lambar George Cross bayan 'yan Nazi sun kashe ta a sansanin Dachau.

Saura "jarumta". Ita ce ta haɗa abubuwa biyun da ake bukata, wato haɗari na gaske da kuma tsayawa a gabansa, kuma Bahaushen Kano da na Damagaram da na zangon Kumasi duk za su gane ta ba tare da dogon bayani ba. Na san akwai masu cewa "jarunta" da masu cewa "jarumtaka", kuma duk Hausa ce ingantacciya. Na zaɓi "jarumta" ne don ta fi "jarumtaka" gajarta kuma tana nuna tushenta, jarumi, a fili. Sukar da ta fi ƙarfi a kanta, wadda na daɗe ina juyawa a raina, ita ce masana'antar fim ta riga ta ɗauke "jarumi" da "jaruma" ta mayar da su sunan 'yan wasa, har wani yaro zai iya ganin "lambar jarumta" ya zaci kyautar fitaccen ɗan wasa ce. Amsata ita ce fim ya ari sunan mutum ne kawai, bai taɓa sunan halin ba. Ba wanda ke cewa ɗan wasa ya nuna jarumta don ya iya fitowa a majigi, amma kowa yana cewa wanda ya faɗa kogi ya ceto yaro ya nuna jarumta. Inda ake tsoron ruɗani, a rubuta "lambar jarumta ta soja", shi ke nan.

Na so in ƙara "a fagen daga" ta zama cikin sunan, sai na ga ba za ta yiwu a ko'ina ba. Victoria Cross, wadda aka kafa a 1856, ta gaban abokan gaba ce. George Cross kuwa, ta 1940, an yi ta ne don jarumtar da ba a tsakiyar artabu aka nuna ba, kamar ta masu kwance bamabamai da ta fararen hula. Saboda haka "a fagen daga" ta zama ƙarin bayani da ake sawa inda ya dace.

Idan mun amince da wannan, sauran 'yan uwanta za su zo da sauƙi. Irin su Burma Star da Africa Star mu kira su "lambar halartar yaƙi". Wadda ake bayarwa don shekarun da mutum ya yi yana aiki ba tare da laifi ba, "lambar daɗewa a aiki". Irin su OON da CFR na Najeriya, waɗanda dokar 1964 ta kafa, sun riga sun sami sunansu, "lambar girmamawa ta ƙasa". Akwai kuma wani yabo da ba shi da minda tasa, inda babban kwamanda ke ambaton sunan soja cikin rahoton da ya aika gida, a ba shi ɗan ganyen ƙarfe ya maƙala a kan ƙyallen wata mindar. Wannan "ambato a rahoton yaƙi" ya ishe shi. Purple Heart ta Amurka, ga masu dangi a can, lambar rauni ce, ana ba wanda abokan gaba suka jikkata ko suka kashe, don haka ba ta shiga rukunin jarumta.

Sunayen lambobin kansu kada mu fassara su. Wanda ya mayar da Military Cross "gicciyen soja" ya ɓatar da mai bincike, domin ba zai sami wannan suna a kowane kundi ba, kuma ya jawo wata muhawara ta addini da ba ta cikin maganar. Haka 'yan uwanmu na Nijar da kakanninsu suka yi wa Faransa soja su bar Croix de guerre, wadda aka kafa a 1915, da sunanta, su rubuta "lambar jarumta" a gefenta.

Kalmar tana da nauyi, don haka kada a sa ta sai da hujja. Labarin da kaka ta bayar abin adanawa ne, kuma a rubuta shi a matsayin abin da aka ji a gida, amma gurbin da ake rubuta lambar jarumta a cikin bayanin mutum yana bukatar takarda. Lambobin Birtaniya ana buga su a jaridar gwamnati ta London Gazette, kuma takardun shawarar bayar da su na yaƙin duniya na biyu suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kew a Landan, cikin jerin WO 373. Military Medal da Distinguished Conduct Medal suna ɗauke da lambar soja da sunansa a gefen ƙarfen, saɓanin taurarin halarta da galibi ba a rubuta musu suna ba. A nemi lambar sojan kafin sunansa, saboda magatakardan Turawa sun sha rubuta suna ɗaya ta hanya uku, kuma sojoji da yawa sunan garinsu ko ƙabilarsu aka sa musu a madadin na mahaifi. Alhaji Grunshi na rundunar Gold Coast, wanda ake cewa shi ne sojan Birtaniya na farko da ya harba bindiga a yaƙin 1914 a ƙasar Togo, kuma ya sami Distinguished Conduct Medal da Military Medal, sunan ƙabila ne yake ɗauke da shi.

Akwai wurin da kalmar ta yi mini nauyi a baki, kuma ba zan ɓoye shi ba. A 1903 an ba Laftanar Wallace Wright lambar Victoria Cross saboda yaƙin Kwatarkwashi, inda sojojinsa suka buɗe wa dawakin Kano wuta, Waziri Ahmadu ya faɗi tare da mutanensa. Wanda ya tashi yana jin labarin wannan rana daga bakin Kanawa zai tambaya: jarumtar wa? Ra'ayina shi ne sunan rukunin yana faɗin abin da hukumar da ta bayar ta ce ta bayar dominsa, ba ya wanke yaƙin da aka yi. Don haka a kullum a rubuta wanda ya bayar: "lambar jarumta ta gwamnatin Birtaniya". Waziri Ahmadu da waɗanda suka kwanta tare da shi ba wanda ya ba su minda, kuma zuri'arsu suna da cikakken haƙƙin rubuta jarumtarsu a cikin bayanin rayuwa, ko da gurbin lamba ya zauna babu komai.

Ga yadda nake ganin rubutun zai kasance, da misalin Samanja Chari Maigumeri, wanda barikin soja na Lakwaja ke ɗauke da sunansa. A gurbin lambar jarumta a rubuta: Military Medal, ta gwamnatin Birtaniya, yaƙin duniya na biyu. British Empire Medal ɗinsa kuwa, wadda galibi don kyakkyawan aiki ake bayar da ita, ta tafi gurbin lambar yabo, sai in takardar shawarar ta nuna cewa don wani aikin jarumta aka ba shi.