Wace kalma za mu sa wa "timeout" a takardar NFS?

Ɗan Jidda: Assalamu alaikum. Ana shirya 'yar takardar koyarwa da Hausa saboda yaranmu da ke shiga aikin kula da saba (kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima) a nan Jidda da Riyad, sai kalma ɗaya ta tsaya mana a wuya: timeout. Wato kwamfuta ta jona foldar da ke kan saba ta hanyar NFS (tsarin raba fayiloli tsakanin kwamfutoci), ta aika buƙata, amsa ba ta zo ba. Larabawan ofis "muhla" suke cewa, mu ma bakinmu ya saba. Amma mai karatu a Kano ko Maraɗi bai san muhla ba. Na sa "ƙurewar lokaci". Me kuka gani?

Na Madina: Wa'alaikumus salam. Malam, ba ta zauna ba. In an ce lokaci ya ƙure, ana nufin saura ƙiris, a yi hanzari. Muhla kuwa wa'adi ce, kuma abu biyu Bature ya cusa a kalma ɗaya. Akwai tsawon jiran da aka ɗiba, shi ne zaɓin timeo da ake rubutawa a layin jonawa. Akwai kuma abin da ke faruwa in ya ƙare. Na farko "wa'adin jira", na biyu "cikar wa'adi". A ja kunnen yara a kan lissafin: timeo da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ake ƙirga shi. A kan TCP (ɗaya daga hanyoyi biyu na aika saƙo tsakanin kwamfutoci, ɗayar ita ce UDP) 600 yake zuwa da shi, daƙiƙa 60 ke nan. Wanda ya rubuta 30 yana zaton rabin minti ya bayar, daƙiƙa 3 ya bayar, sai ya ƙara wa sabar da ta riga ta jigata lodin maimaici. Shi kuwa retrans, yawan sake aikawa, 2 ne a TCP, 3 a UDP.

Hajiya ta Riyad: Ƙanena, cikar wa'adi fa? A gidan gaisuwa muke jin wannan. Yaro zai ɗauka saba ta riga mu gidan gaskiya.

Na Madina: Yaya, ai wa'adin gwamna ma yana cika, na igama (takardar izinin zama a Saudiyya) ma haka, mai ita kuma yana nan da ransa yana neman sabuntawa.

Hajiya ta Riyad: To na yarda, da sharaɗin a samo wa hard da soft, nau'o'in jonawa biyu, suna, don a nan kalmar take rabuwa biyu. Kada kowa ya ce min "mai tauri" da "mai laushi", ba katifa muke sayarwa ba. Hard naci gare shi: wa'adi ya cika, ya rubuta a dmesg (kundin saƙonnin Linux) cewa saba ba ta amsawa, yana kan gwadawa, ya ci gaba har illa masha Allahu. Shi ya sa umarni irin su ls ko df ke sandarewa, ka duba jerin ayyuka da ps ka ga aikin a halin D, wato jiran da ba ya katsuwa. Masu ƙara zaɓin intr don a iya katse jiran su daina wahala, tun kanel 2.6.25 Linux ba ya kula shi. Soft kuwa in ya gama zagayen retrans sai ya haƙura, ya mayar wa manhaja kuskuren EIO. Yana da daɗin gani saboda allo bai sandare ba, amma in rubutu ake yi, kuma manhajar ba ta duba kuskuren ba, fayil ya lalace ba wanda ya sani. Don haka: "jonawa mai naci" da "jonawa mai haƙura". Mai haƙura sai dai wurin karatu kawai.

Baffa na Makka: Madalla da Hajiya. Abin da zan ƙara, kada a haɗa cikar wa'adi da hana izini a babi ɗaya. Bahaushe ya ce shiru ma amsa ce, amma ban da wajen na'ura. Sabar da ta ce maka a'a ta amsa, nan take za ka gani. Wannan a /etc/exports (fayil ɗin da ke nuna wa aka ba izinin jona wace folda) ake nemansa: ko adireshin kwamfutar ba ya ciki, ko an gyara an manta exportfs -ra mai sa gyaran ya fara aiki, ko zaɓin root_squash ya mai da root (babban mai iko) lamba 65534 ta wanda ba kowa ba, ko lambar mai amfani ta bambanta a ɓangarorin biyu, ko mutum yana cikin rukuni fiye da 16 alhali AUTH_SYS, tsarin tantance mai amfani, 16 kawai yake ɗauka.

Shiru shi ke kawo cikar wa'adi, shi kuma a hanya ake farautarsa. A fara da rpcinfo -p a kan adireshin saba, a ga ƙofofin (port) da take saurare. Siga ta 4 ta NFS ƙofa ɗaya take bi, 2049. Siga ta 3 tana buƙatar 111 ma, ga mataimakanta mountd da lockd da statd waɗanda ke iya canza ƙofa in saba ta sake tashi, sai an ɗaure su a lamba ɗaya. Katangar tsaro mai zubar da fakiti ba tare da ta ce uffan ba ita ce ke sa a yi ta jira. In jonawa ta yi, ls ya yi, amma kwafin babban fayil ya tsaya cak, a zargi MTU, wato iyakar girman fakiti: wani ɓangare 9000, wani suwic a tsakiya 1500. A gwada ping -M do -s 8972. In hanya lafiya take, a duba nfsstat -rc a ga yawan maimaici, sannan a ƙirga zaren nfsd, wato ma'aikatan da ke amsa buƙatu a saba. Da 8 aka saba barinsa, ba ya isar kwamfuta da yawa.

Ɗan Jidda: Baffa, daƙiƙa 90 na siga ta 4 fa, shi ma wa'adin jira ne?

Baffa na Makka: A'a ɗana, wannan saba ce ke ba kwamfuta. In kwamfutar ba ta sabunta ba, saba tana iya ƙwace makullan fayilolin da ta riƙe. "Wa'adin aro" ya fi dacewa da shi.

Ɗan Jidda: Na shigar: wa'adin jira, cikar wa'adi, wa'adin aro, mai naci, mai haƙura, hana izini. Muhla zan bar ta a gefe saboda 'yan nan. Saura client, wato kwamfutar da ke jona saba, wani ya rubuta mana "abokin ciniki" na goge. Wannan sai bayan Isha'i.