Sayen hatsi a kaka a ajiye na shekara: waɗanda suka gwada su ba mu labari

Malamin Firamare, Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kaka ta yi, sabuwar masara ta fara shigowa kasuwar Katako a nan Jos. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, awo ke cinye albashi kafin wata ya raba, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai cike giɓin ba. Ina so bana in daina awon mudu-mudu, in sayi masara da wake da buhu in ajiye. Don Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa mana yadda ta kaya.

Maman Ikilima, Rikkos:
Wa alaikumus salam Malam. Mu mun daɗe muna yi, kuma da adashi muke yi. Mata ne 'yan layi ɗaya, muna zubi tun bayan sallah, amma ba mai kwasa. Kuɗin yana hannun uwar adashi har zuwa Nuwamba, sai a wakilta maza biyu su tafi Mangu ranar Juma'a, ranar kasuwa ke nan, su sayo masara a mota guda. A tsakar gidana ake juyewa a raba, kowa gwargwadon zubinta. Amfanin da na fi gani ba ma arahar ba ce, kwanciyar hankali ce. A watan Yuli da Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya yi ƙasa a kasuwa sabo bai iso ba, ni kuɗin niƙa da na cefane kawai nake nema. Maigida ko albashi ya makara, tuwo ba ya makara. Sai dai fa a sa wa buhu ido. Ranar da yara suka ga abinci jibge a ɗaki, hannun mai ɗiba yakan ƙara nauyi. Ni da gwangwani nake awon kowace rana, kuma makullin yana ɗaure a bakin zanina.

Direba, Bauchi Road:
Malam, ka yi lissafin mota kafin ka yi murna da farashin ƙauye. Ka haɗa kuɗin lodi da na 'yan dako da na hanya da na saukewa. In buhu ɗaya ko biyu za ka saya, wallahi gara ka tsaya Katako. Zuwa Mangu sai an haɗa kai kamar yadda Maman Ikilima ta ce. Kuma duk inda ka saya, ka sa a juye buhun a gabanka. Akwai masu algus, sama tsaba ƙasa dusa da tsakuwa.

Anti Nas, Dogon Dutse:
Ni maganar ajiya ce ta dame ni, don a wurin aiki muna ganin abin da take jawowa. Don girman Allah kada kowa ya zuba Sniper a wake. Maganin ƙwarin gona ne, guba ce, hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kai, kuma wanki ba ya ba da tabbacin ta fita. Ƙwaro iska yake shaƙa, in ka hana shi iska ya mutu da kansa. Shi ya sa nake amfani da buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje. Za ka matse iskar, ka ɗaure kowanne daban, kada ka riƙa buɗewa kullum. In babu shi, jarkar man girki da aka wanke ta bushe sarai ta isa: a cika ta da wake har wuya, a sa leda a baki, a murɗe murfin. Kakata da toka da busasshen barkono take haɗawa, yana taimakawa, amma jarka ta fi.
Abin da mutane ke mantawa shi ne bushewa. A nan Jos ruwa yakan kai Oktoba, masarar farko tana zuwa da laima. Ka ciji ƙwaya ɗaya, in ta fashe ƙarau ta bushe, in ta lotsa ka shanya ta tukuna. Masarar da aka rufe da danshi fumfuna take yi, kuma wannan fumfunar tana illa ga hanta. A ɗora buhu a kan katako, nesa da bango.

Ɗan kasuwar hatsi, Katako:
Gaskiyar Anti. Ni kuma bari in faɗi abin da idona ya gani. Shekarun baya duk wanda ya ajiye ya ci riba, sai mutane suka ɗauka kullum haka take. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150, damina kuma ta yi kyau. Da aka shiga 2025 farashin masara ya sauko maimakon ya hau. Na san ma'aikatan da suka ci bashi suka tara buhuna don su sayar, suka ƙare da sayarwa ƙasa da yadda suka saya, ga bashi yana bin su. Wanda ya sayi na cin gidansa bai shiga wannan halin ba, tuwonsa ya ci. Saboda haka Malam, ka auna abin da iyalinka ke ci a wata, ka saya daidai nan da kuɗinka na kanka. Kasuwancin ajiya ka bar mana, mu ma kanmu yana kayar da mu.

Mama, Tudun Wada:
Ɗana, kada ka tsaya a masara kawai. Da rani, in tumatir ya cika kasuwar Farin Gada, nakan sayi kwando in yanka in shanya ya zama kauɗa, har da tattasai da kuɓewa. Shi ke riƙe mana miya da damina lokacin da ɗanye ya gagara. Acca ma tana jimawa ba ta lalace ba. Dankalin turawa ne ban ba ka shawarar tarawa ba, ko da ka samu na Bokkos da araha. A baza shi a ɗaki mai duhu da iska zai ɗan kwana biyu, amma da ya fara tsiro ko ya yi kore a zubar da wurin.

Malamin Firamare, Unguwar Rogo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Matsalata ɗaya, ciki da falo muke haya, babu sito. Ina zan sa buhunan?

Maman Ikilima, Rikkos:
Jarkoki za ka nema Malam, suna jeruwa a bayan ƙofa ko a kwance ƙarƙashin gado, ɓera kuma ba ya samun su da sauƙi. Ka fara da wake da rabin buhun masara. In uwargida tana so ta shiga adashinmu na baɗi, ta zo ta same ni bayan la'asar.