Shawarwari ga mai son karatun harsunan Keltik a jami'a

Daga tattaunawar da wasu ɗalibai da malaman fannin suka yi, abin da aka fi nanatawa shi ne ka zaɓi reshe tun kafin ka nemi gurbi. Harsunan, waɗanda ake ji a wasu yankunan Birtaniya da Ayalan da Faransa, guda 6 ne, reshe biyu: Irish da Gaelik na Sikotlan da Manks a gefe guda, Welsh da Kornish da Breton a ɗayan. Iya Welsh ba ya sa ka ji Irish.

Mai son Welsh ya duba jami'ar Aberystwyth ko ta Bangor, a yankin Wales na Birtaniya. Mai son Gaelik ya nufi Sabhal Mòr Ostaig a tsibirin Skye na Sikotlan, kwalejin da aka kafa a 1973, inda da harshen ake koyarwa.

An daɗe a kan nahawu, kuma da gaskiyarsu. Farkon kalma yana sauyawa: a Welsh kyanwa "cath" ce, amma kyanwarsa "ei gath", kyanwata "fy nghath". Fi'ilin tsohon Irish kuwa sai da haƙuri, don haka aka ce a fara da na zamani.

Ni dai shawarar da ta fi kwanta mini ita ce a yi hutun bazara a Gaeltacht, yankunan Ayalan da ake magana da Irish a gida da kanti.